Mangwaron Cikin Bokitin Fenti

Mijin yayata mai fenti ne, kuma duk inda suka zauna ba a san shi da wani suna ba sai Malam Tukuna. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa. Idan an yi wa bango shafin farko, mai gida na tsaye a kansu yana son a gama ya tare, sauran ma'aikata sai su ɗora na biyu a kan ɗanye su kama gabansu. Shi kuwa sai ya taɓa bangon da bayan hannu, ya girgiza kai ya ce, "Tukuna dai, bai bushe ba." A yi fushi, a yi zagi, yana zaune a kan bokiti yana wanke buroshi da kananzir. Fentinsa ba ya ɓarewa, wannan kam ko ni da ba na raga masa na shaida. Abin haushin shi ne ya kwaso halin nan ya shigo da shi gida.

Yaya ta ce a sake katifa, tukuna. A je a dubo 'yarsu ɗaya tilo da ke aure a nesa, tukuna, sai an kammala aikin da ke hannu, aikin kuma ba ya ƙarewa. An taɓa ba shi kyautar takalmi, ya ajiye a kwali yana jiran ranar da ta dace, har fatar ta bushe ta tsattsage bai taka ba. Ba rowa ba ce, don in ya samu ba ya ɓoye wa Yaya. Shi dai a ganinsa komai yana da lokaci, lokacin kuma kullum yana gaba.

Ni ce autar gidanmu, kitso nake yi, kuma bakina ba ya zama wuri ɗaya. Tun ranar da ya auri Yaya nake tsokanarsa. Nakan ce, "Malam, ranar da mutuwa ta zo maka ma ce mata za ka yi tukuna." Sai ya yi wannan murmushin nasa na gefen baki, ɗigon farin fenti a girarsa, ya ce, "Auta, ke dai da sauri aka haife ki."

Suna haya a saman wani tsohon bene, ɗaki da falo, da baranda da ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. Yaya tela ce. Keken ɗinkinta na bakin ƙofar barandar saboda haske, ƙyallaye a buhu a gefe, almakashinta kuma rataye a ƙusa, ba mai taɓawa. Mutumin nan ya tsufa a kan tsani yana gyara gidajen mutane, bai taɓa shafa fenti a bangon da yake nasa ba. Kullum zancensa, "In na samu fili na gina nawa." Yaya ba ta yi masa musu, sai ta ci gaba da taka kekenta.

Wata rana ya hayo matakala yana haki, rungume da ɗan dashen mangwaro a leda. Mai lambun wani gida da ya yi wa aiki ne ya ba shi. Irin mai aure ne, wanda aka haɗa reshen babbar bishiya da ɗan ƙaramin gindi, shi ya sa yake yin fure tun yana ɗan tsito, don reshen bai san an raba shi da uwarsa ba. Malam ya samo babban bokitin fenti, ya ƙanƙare shi tas, ya huda gindinsa da ƙusa, ya zuba ƙasa da taki ya dasa. Mai lambun ya ja masa kunne da magana ɗaya: duk furen da ya fito a datse shi, har sai gindin ya kai kaurin wuyan hannunsa. In aka bar shi ya yi 'ya'ya da wuri, duk ƙarfinsa a kansu zai ƙare, ya tsumbure, ko reshen ya karye daga wurin auren.

Kai jama'a! An ba Malam Tukuna bishiyar da dokarta tukuna. Na yi dariya ranar har da riƙe ciki.

Yaya kuwa ba ta yi dariya ba, don ita duk duniya ba abin da take so kamar mangwaro. Tun muna yara ita ce mai tsotse ƙwallo har ya yi fari. Ita ta riƙa ba shi ruwa, ita take goge masa ganye da jiƙaƙƙen ƙyalle, tana ɗinki tana leƙensa. Da ya yi furen farko, ƙamshi ya cika falon, sai ga Malam ya miƙa hannu ya ciro almakashi daga ƙusa. Duk wanda ya zauna da tela ya san abin da hakan ke jawowa.

"Malam, almakashin ɗinki ne fa! Dakushe mini shi za ka yi?"

"Shi ne mai kaifi, Tela. Wuƙa za ta ji masa ciwo." Tela yake kiranta, tun suna da ƙuruciya.

Ya datse furen kaf, ya goge almakashin da gefen rigarsa ya mayar. Ta yini ba ta kula shi ba.

Da shekara ta zagayo furen ya fi na farko yawa, kuma ina gidan ranar. Yaya ta tashi daga kan keke ta tsaya a ƙofar baranda, ba da wasa ba wannan karon. Ta ce, "Malam, don Allah ka bar mini ɗaya. Ƙwaya ɗaya tak, in ji ɗanɗanon abin da nake wa wahala." Na sa baki, na ce ai ɗaya ba za ta kashe bishiya ba, kuma kasuwa ba ta hana mutum kwaɗayin nasa na kansa. Ya durƙusa ya jera wuyan hannunsa da gindin, ya nuna mana. Ko rabi bai kai ba. Ya ce, "Kun gani? Tukuna dai. In ya yi ƙwari, Tela, sai kin gaji da sha." Da yamma ya sayo mata mangwaro cike da leda. Ta sha, ta gode, amma ba shi take nufi ba, kuma shi ma ya sani.

Ciwon ya fara mata ne da rashin son abinci. Sai rama, sai idonta ya yi ɗorawa, sai ƙafa ta ƙi taka keke. Nan kam bai ce tukuna ba, Allah ya sani, shi ya goyo ta ya sauko da ita daga benen. Ta daɗe a asibiti, aka yi ta gwaje-gwaje. Ranar da za a sallame ta likitan ya kira mu gefe, ni da Malam, a wani lungu kusa da inda ake ajiye kujerun tura marasa lafiya. Ya yi magana a hankali. Abin a hanta yake, ya riga ya bazu, a kai ta gida a riƙa ba ta maganin rage zafi. Malam ya tambaye shi ko za ta ga baɗi. Likitan ya dafa kafaɗarsa kawai.

Malam ya daɗe yana kallon bangon lungun, inda fenti ya kumbura saboda danshi. Can ya ce, "Auta, kar ta ji." Na ce ba daga bakina ba. Ni da ba na iya riƙe magana, na riƙe wannan.

Muka mayar da ita gida, muka ce mata likita ya ce hutu take buƙata. Aka jawo gadonta falo don ta samu iska, kanta daidai ƙofar baranda. Na rufe rumfar kitsona na koma ina yini a wurinta. Ba a jima ba mangwaron ya yi fure, ya yi shi kamar da gayya, kowane reshe da nasa.

Kullum da safe Malam zai ba shi ruwa, ya tsaya ya dube shi, ya ɗauki jakar buroshinsa ya fita. Almakashi na rataye a ƙusa. Furen ya buɗe, ƙudaje da zuma suka yi ta zuwa, ya fara bushewa yana zuba, sai ga 'yan ƙwayoyi kore sun fito kamar kan ashana. Na tare shi a matakala na tambaye shi. Ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Na bar mata ne. Duka. Ko bishiyar za ta mutu, ta mutu." Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina, ashe dai mutumin nan yana da zuciya. Ko kusa ban kawo wani abu a kaina ba.

Yaya kuwa tana kwance tana kallo. A haka har ƙwayoyin suka kai kan ɗan yatsa. Ina ba ta shayi da cokali sai ta ce, "Auta, Malam ya manta inda almakashi yake ne?"

Na ce, "Ke ma dai Yaya, an bar miki abin da kike so kuma kina neman magana."

Ta dube ni, irin kallon da take mini tun ina yarinya in na yi ƙarya. Ta kau da kai daga cokalin.

Da ya dawo da la'asar, ko rigar aiki bai cire ba ta kira shi. Ta ce ya kama ta ya kai ta baranda. Ya zaunar da ita a kan kujerar keken ɗinki. Ta ce, "Kawo hannunka." Ta jera wuyan hannunsa da gindin bishiyar, kamar yadda yake yi. Da saura sosai. Sai ta jera nata, wanda ya koma kamar sanda, ta yi 'yar dariya ta ce, "Nawa dai ya kai. Amma ba da nawa mai lambu ya ce a gwada ba."

Malam ya ce, "Ai na ga ya yi ƙwari ne."

"Bai yi ba." Ta riƙe hannunsa ba ta saki ba. "Malam, tun da nake da kai ban taɓa ganin ka ɗora fenti a kan ɗanye ba. Me likita ya gaya maka?"

Ina tsaye a bayansu da kofi a hannu. Da ya iya ƙarya da ya yi, amma mutumin nan bai iya ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon ɗigon fentin da ke kan takalminsa, hawaye na sauka a kai. Yaya ta ce, "To. Shi ke nan, na ji." Ba ta yi kuka ba. Ni ce na ruga ɗaki na toshe bakina da filo.

Abin da muka ɓoye da baki, alherinsa ne ya tona shi. Har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe shi, sai kuma in ji tausayinsa ya kama ni.

Washegari na makara, sai da hantsi na iso, Malam ya riga ya fita neman maganinta. Na tarar da gadon ba kowa. Tana baranda a kan kujera, ban san yadda ta ja jiki ta kai can ba. Almakashi a hannunta, cinyarta cike da 'yan mangwaro kore, ƙaron ya manne mata a yatsu. Numfashi take da ƙyar.

Na ce, "Innalillahi! Yaya, me kika yi haka?"

Ta ce, "Share ki zubar. Ki kawo mini allura da zare da buhun ƙyallen nan, sannan ki je ki ɗora mini ruwan wanka." Na zaci hannunta ne ke kewar aiki. Na miƙa mata na shiga kicin.

Da Malam ya dawo ya ga rassan fayau, ledar magani ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Tela, don ke na bari." Ta ce, "Na sani. Tukuna dai, Malam. Bai yi ƙwari ba. In ka kashe shi, me za ka kai filin naka?" Ya ce shi ba ya son fili, ba ya son bishiya. Ta ce, "Baɗi ma sha." Mu ukun nan ba wanda bai san babu ita a baɗi ba, amma ba wanda ya ƙaryata ta.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Ba zan tsaya ba da labarin yadda ta ƙare ba, wanda ya yi jinyar irin wannan ciwo ya sani, wanda bai yi ba kuma Allah ya raba shi da gani. 'Yarsu ta zo ta zauna da mu. Malam ya daina fita aiki, ya koma shi ke juya ta, shi ke shafa mata mai a baya da hannun nan nasa mai kaushi. Abu ɗaya na lura da shi, ban gane ba sai daga baya. Duk safiya sai ta ce in kai ta baranda in bar ta ita kaɗai, wai tana son rana. Da ta kasa tashi, sai ta riƙa cewa a bar ƙofar a buɗe, idonta na can kusurwar bango. Ta rasu da safe, ana hayaniyar masu fita aiki a matakala.

Bayan an watse, 'yarsu ta koma gidanta, Malam ya zauna shi kaɗai a ɗakin. Ya rufe keken da zane. Baranda kuwa ko leƙa ta ba ya yi, kamar bishiyar ce ta kashe masa mata. Ni nake zuwa in share, in dafa masa abin da zai ci, in watsa wa mangwaron ruwa daga bakin ƙofa ina harararsa, don ni ma haushinsa nake ji.

Ran nan na ga ganyen da ke wajen bango sun yi rawaya, na ce bari in juya bokitin su ga rana. Na kama shi na murɗa da ƙyar. Sai ga wani abu yana lilo a reshen baya, can ƙarƙashin ganye inda ba a gani daga falo sai daga wajen kan gado. 'Yar jaka ce ta ƙyalle, shuɗi mai ɗigon fari, ragowar rigar da ta ɗinka wa kanta. An ɗinke bakinta a jikin reshen don kar ƙuda ya taɓa abin da ke ciki, an kuma ɗaure reshen da zare a ƙarfen baranda don kar nauyi ya karya shi. Ɗinkin a karkace yake, na hannun da ke rawa, amma na Yaya ne. Jakar ta cika tam, ƙamshi na fita ta cikin ƙyallen.

Na ƙwala masa kira. Ya fito ya tsaya ya dubi jakar. Sannan ya koma ya ciro almakashi daga ƙusa, ya warware ɗinkin a hankali, zare bayan zare, don kar ya yanka ƙyallen. Mangwaro ne guda, ya cika tafin hannu, ya nuna jawur har ya fara laushi.

Na ce, "Malam, kai ta bar wa." Na faɗa ne don in sanyaya masa rai.

Ya girgiza kai. "A'a, Auta. Ɗaya ta roƙe ni bara. Ɗaya ta bari." Ya juya shi a hannunsa. "Jira take yi ta gani ko za ta kai."

Sai na tuna safiyoyin nan da take cewa a bar ta ita kaɗai da rana.

Na ɗauka zai ce a ajiye, kamar takalmin nan. Na riga na shirya masifar da zan yi masa in ya ce tukuna. Bai ce ba. Ya zauna a kan kujerar keke, ko wankewa bai yi ba, ya gatsa da ɓawon. Ruwan ya gangaro ta gemunsa ya sauka a riga. Ya sha, ya sha, ya tsotse ƙwallon har ya yi fari, kafaɗunsa na girgiza. Bai yi mini tayi ba, ni ma da ya yi ba zan iya karɓa ba.

Da ya gama sai ya ɗago ya dube ni, ƙwallon a hannunsa.

"Auta, da zaƙi. Wallahi da zaƙi." Ya goge bakinsa da bayan hannu. "Ina ta addu'a in same shi da tsami, in ce ba ta rasa komai ba."